Ranar da Injiniya Ya Faɗaɗa wa Sanyi Hanya

Mai gyaran famfo ne, amma idan ka kira shi da haka ba ya waiwayowa. Injiniya yake amsawa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan tun ranar da ya buɗe wata makwarara da ta toshe a bayan kasuwa, ruwan ya ɓalle ya shige shagon mai shinkafa. A wurinsa duk matsalar duniya iri ɗaya ce, wani abu ne ya matse a wani wuri. Ruwa ya ƙi hawa bene, bututu ne ya yi siriri. Motoci sun cunkushe, hanya ce ta yi siriri. Har ciwon kan matarsa ya taɓa yi wa wannan bayanin, ta dube shi ta ci gaba da wanke-wankenta.

Abu ɗaya ne yake ci masa rai, ba shi da shago. Kullum jakar kayan aikinsa tana rataye a kafaɗa, masu neman sa sai sun bi layi suna tambaya ko an ga giftawarsa. Ga kuma wani ɗan shago a jikin na surukarsa, wadda kowa ke kira Inna Mai Kifi, shi ma nata ne, mai haya ya tashi ya bar shi a kulle. Injiniya ya ƙwallafa rai a kan shagon nan, in ya zo wucewa har rage sauri yake yi yana shafa kwaɗon. Ya tura matarsa ta yi masa magana, Inna ta ce za ta duba. Telan da ke ɗaya gefen shi ma ya sa rai, yana so ya fasa bango ya ƙara keken ɗinki, shi ma ta ce masa za ta duba. Inna ba ta gaggawa a kan komai sai kifi.

Jarinta kuwa babbar firiza ce da ta cinye rabin shagonta. Lafiyarta lau, sai dai idan aka cika ta da ɗanyen kifi a lokacin zafi takan daɗe kafin ta daskarar da na tsakiya. Mai firjin da ya saba duba mata ya ce ba lalacewa ba ce. Akwai wani siririn bututu a baya wanda gas yake bi kafin ya shiga bangon firizar, kuma maƙogwaronsa ɗaya ne, ba ya buɗewa don kaya sun yi yawa, ba ya tsukewa don sun yi kaɗan. In tana son sauri, ta riƙa zuba kifin kashi-kashi. Inna ta ji, amma ba ta daina mita ba, kuma wata rana ta yi mitar a gaban surukinta.

Siririn bututu kawai Injiniya ya ji. Ya zagaya bayan firizar ya tsuguna, sai ga abin a naɗe kusa da baƙin injin, jan ƙarfe ne da bai wuce kaurin tsinken tsintsiya ba. Ya yi dariya har da dukan cinya. Shekara da shekaru tsohuwa tana fama, ashe sanyin ne aka shaƙe wa wuya. Nan take ya ga hanyar shagonsa a buɗe.

Ya bari sai safiyar da Inna ta tafi sarin kifi, firiza babu komai a ciki, makulli yana hannun matarsa. Ta ce a'a tun bai gama magana ba. Ta ce firiza ba famfo ba ce. Ya ce bututu bututu ne, ko a cikin jirgin sama yake. Ta ce a jira mai firji. Ya ce ai mai firjin da kamfanin da ya ƙera ta bakinsu ɗaya, da gangan suke sa siriri don a yi ta kiransu. Ya rantse kafin Inna ta dawo kifi zai riƙa daskarewa tun yana bakin murfi. Matar tana son mijinta, kuma ta gaji da ganinsa yana yawo da jaka a rana, shi ya sa ta miƙa masa makullin tana cewa ita dai ba ta gani ba.

Ya ari wutar mai walda, shi kuwa mai walda ya biyo kayansa da kujerarsa, don ba ya son a ba shi labari. Injiniya ya sa filaya ya datse siririn bututun. Gas ya fito da ƙarfi yana huci, tela ya leƙo da almakashi a hannu yana tambaya ko taya ce ta fashe. Injiniya ya ce tsohon gas ne, dama ya gaji. Ya zaro sabon bututu mai kaurin yatsa, wanda kana iya leƙawa ta nan ka hango can. Kuma da yake shi ba ya aikin ganganci, sai da ya kai shi famfo ya ɗura masa ruwa ya tabbatar yana wucewa sumul, ya kaɗe shi sau biyu a cinya, sannan ya liƙa. Ya kawo gwangwanin gas da ya sayo a wurin mai kayan firji ya juye duka, domin a iya saninsa babu tankin da ake barinsa rabi.

Aka kunna. Injin ya tashi a hankali, babu ko gurnani.

"Kun ji?" in ji Injiniya. "Yau ya samu numfashi."

Mai walda ya zura hannu cikin firizar ya daɗe yana lalube, ya ce shi dai bai ji komai ba tukuna. Injiniya ya ce hannun mai walda ba ma'auni ba ne, wuta ta kashe masa fata. Tela ya zura nasa.

"Injiniya, sanyin yana kan hanya ne?"

"Hanya ce sabuwa, sai ya saba da ita."

"To Allah ya sa bai ɓata ba."

Ana cikin haka Inna ta iso da mota shaƙe da katan-katan na ɗanyen kifi, an jera su cikin ƙanƙara tana ɗiga. Sari ne mai yawa, irin wanda ba ta cika yi ba. Injiniya ya tare ta tun daga bakin titi, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ɗaga naɗaɗɗen bututun nan sama ya ce ga ɓarawon sanyinta ya kama mata. Inna ta dubi abin, ta dubi 'yarta, 'yar ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

"Wa ya aike ka?"

"Inna, ai ɗa ba ya jiran a aike shi."

Inna ta juya masa baya. Ta kira mai firji a waya, ya ce yana wani aiki a bayan gari, sai gobe. Firjin maƙwabta ƙanana ne, ko katan guda ba za su ɗauka ba. Dole ta sa aka jera kifin a ciki tare da ragowar ƙanƙararsa, ta rufe, ta ja kujera ta zauna tana fuskantar surukinta. Wannan zaman ya fi masa zagi ciwo.

Rana ta karkata, injin yana ta aikinsa cikin kwanciyar hankali, bangon firiza kuwa kamar bangon ɗaki. Gumi ya fara keto wa Injiniya. Mai walda ya matso ya raɗa masa cewa anya siririn nan ba shi da wani amfani kuwa. Injiniya ya ce ai ya riga shi tunani, gwaji yake yi, yanzu ne zai daidaita. Ko famfo in ruwa ya yi yawa ai murɗawa ake yi. Ya sake zagayawa baya ya kama sabon bututun da filaya ya matse tsakiyarsa, ya ƙara matsewa, ya dafa da gwiwa ya ƙara.

Sai ga wani ɗan sauti siriri, kuma daga inda ya matse zuwa gaba bututun ya yi fari. Matarsa ta taɓa bangon ciki ta ce wallahi ya fara sanyi. Mai walda ya taɓa ya yarda. Har Inna ta miƙo bayan hannunta. Injiniya ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, baki har kunne, ya fara yi wa jama'a darasi. Ya ce kamfani injina ne da su, shi kuwa kai ne da shi. Ya ce in da za a ba shi wuri ya zauna, da firjin garin nan kaf sun huta. Da ya ce wuri sai ya ɗan juya ya kalli kwaɗon shagon da ke kulle, don kada wani ya kasa ganewa.

Bai gama darasin ba sautin ya ɗauke. Farin da ke jikin bututun ya fara narkewa yana ɗiga. Ruwan da ya wanke bututun da shi ai bai fita duka ba, ɗigon da ya rage ya biyo gas ya zo daidai matsatsin ya daskare, ya toshe hanyar ɗungurungum. Injiniya bai san wannan ba. Ya ƙwanƙwasa da sifana, ya girgiza firizar, ya kashe ya tsaya yana harararta. Da ta huta ƙanƙarar ta narke, ya kunna, sanyi ya dawo. Ya buɗe baki zai ci gaba da darasi, ya sake ɗaukewa.

Haka aka wuni. Ya kashe, ya jira, ya kunna, sanyi ya leƙo ya koma. Tela ya daina ɗinki ya fito da benci, ya ce ai wannan sanyin ma'aikacin ofis ne, sa hannu kawai yake zuwa yi. Mai shinkafa, wanda har yau bai manta da makwarara ba, ya ce shi dai ya ɗage buhunansa sama don ko-ta-kwana. Injiniya ya ce masu zama a benci ba su taɓa ƙera komai ba. Tela ya ce gaskiya ne, amma kuma ba su taɓa kashe firizar surukarsu ba. Da aka tashi kasuwa Inna ta rufe shagonta ta sa makullin a jaka, ba ta miƙa wa 'yarta ba. A gida matarsa ta ajiye masa abinci, shi kuwa ya ci ya cinye yana ba ta labarin yadda gobe za ta kasance.

Da sassafe yana ƙofar mai kayan firji. Bai ce ya yi ɓarna ba, cewa ya yi yana wani bincike. Mai kaya, mutum ne mai son hira, ya ba shi labarin cewa manyan ɗakunan sanyi ba sa amfani da siririn bututu, wani bawul suke sa wa mai buɗe kansa ya rufe kansa. In kaya sun yi yawa ya ƙara gas, in sun daskare ya rage. Idon Injiniya ya yi waje. Ya ce abin da yake nema ke nan tun jiya, sunan ne ya kwanta masa. Mai kaya ya lalubo wani tsoho da aka ciro daga ɗakin sanyin da mota take shiga da baya, ya ce amma wannan ya fi ƙarfin firizar shago nesa ba kusa ba. Ya nuna masa wani ɗan kan ƙarfe kamar yatsa da ke lilo a jikin siririyar waya, ya ce da wannan bawul ɗin yake jin yanayi, dole a ɗaure shi a bututun da ke dawowa daga firiza zuwa inji, a naɗe shi da kyau. Injiniya yana ta gyaɗa kai, amma hankalinsa yana kan launin fentin da zai yi wa ƙofar shago.

Inna ba ta so barinsa ya sake taɓawa ba. Amma mai firji bai iso ba, ƙanƙarar jiya ta kusa ƙarewa, kuma 'yarta ta tsaya a gefe idanunta sun kawo ruwa. Inna ta ce ya yi, tunda wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron ruwa.

Aka sake sakin gas, aka sake kunna wutar walda, aka sake juye gwangwani, wannan karon har da na biyu. Bawul ɗin ya zauna a bayan firizar, ƙato, ya kusa kai injin girma. Ɗan kan ƙarfen nan ya rage yana lilo. Injiniya ba ya barin abu yana lilo a aikinsa. Ya duba bututun da ya fi kusa, wanda ke fitowa daga injin da zafi har ba a iya riƙe shi, ya ɗaure shi a nan tamau da waya. Bawul ya ji zafi irin wanda bai taɓa ji ba, ya ɗauka gobara ake yi a cikin firizar, ya buɗe bakinsa gaba ɗaya ya bar shi a buɗe.

Ba a jima ba abin mamaki ya faru. Bututun baya ya yi fari fat, farin ya bi shi har jikin injin, baƙin injin nan ya yi furfura. Ƙanƙara sosai, wadda kana iya kankarewa da farce. Injiniya ya fito tsakiyar layi ya kira jama'a da hannu biyu. Aka taru, masu shago da masu saye da masu wucewa. Ya ce a zo a ga firizar da sanyi ya yi wa yawa har yana zubowa ta baya. Mai walda ya jingina kwalbar lemonsa a jikin injin, ya ɗauka ya kurɓa ya ce lallai ya yi sanyi. Wata mai sayar da ruwa ta tambaya ko zai duba mata tata. Injiniya ya ce ta bi layi, kuma daga sati mai zuwa a shago za a riƙa samunsa.

Tela ya ce to a buɗe a ga kifin mana. Injiniya ya haye kan murfin ya zauna, ya ce ba mai buɗewa, so ake sanyin ya gudu. Daga nan saman ya juya wajen surukarsa, ya sassauta murya yadda kowa zai ji, ya ce Inna, tunda ga jama'a shaida, maganar ɗan shagon nan fa. Inna ta ce ya sauko tukuna.

A lokacin ne injin ya fara wani ƙwanƙwasa daga ciki, kamar ana buga ƙofa da cokali. Injiniya ya ce ƙarfi ne ya yi masa yawa. Wani ruwa ja-ja ya fara fitowa ta ƙasan firizar ya bi siminti ya nufi ƙafafun jama'a, ya ce gumin sanyi ne. Kyanwoyi biyu na bayan kasuwa suka zo suka zauna a bakin ƙofa suna kallon firizar cikin natsuwa, wannan kam sai ya kau da kai. Ƙwanƙwasar ta ƙaru, firizar ta fara rawa da shi a kai, sai aka ji ƙas, injin ya yi shiru. Ya kashe ya kunna. Ya sake kashewa ya kunna. Ba abin da ya motsa sai ƙudaje.

Daidai nan mai firji ya ratso taron da babur ɗinsa. Shi ma fa ba baya ba ne wajen cika baki, kuma bai taɓa samun jama'a masu yawa haka suna jiransa ba. Ya zagaya baya, ya tsaya, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ya tambaya wane ne ya ɗaura wa akuya sirdin raƙumi. Jama'a suka nuna saman firiza.

"Gyara na yi," in ji Injiniya. "Na cire abin da kuka sa don ku riƙa cin kuɗin tsohuwa."

"Ina siririn?"

Injiniya ya zaro shi daga aljihu. Mai firji ya karɓa ya ɗaga sama, ya ce wa jama'a wannan da suke gani shi ne mai yin sanyin. Inji yana matse gas har ya zama ruwa, wannan siririn ya riƙe shi, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Fitowarsa daga matsi zuwa fili ita ke sa shi ya buɗe ya kwashe zafin da ke cikin firiza. In ka cire matsin, gas yawo kawai yake yi ya dawo. Injiniya ya ce a duk duniya babu inda matsi ya taɓa ƙara alheri. Mai firji ya ce to ya buɗe baki ya huro iska a tafin hannunsa.

Injiniya ya ce shi ba yaro ba ne. Jama'a suka ce ya hura. Ya wangame baki ya ce haa.

"Me ka ji?"

"Ɗumi-ɗumi."

"To tsuke bakin ka hura."

Ya tsuke ya hura. Iska mai sanyi ta taɓa tafinsa. Duk taron kowa ya ɗaga hannu yana hurawa, har mai shinkafa, har Inna ta ɗan juya baya ta gwada. Tela ya ce ashe da Injiniya ya tsuke bakinsa tun jiya da an samu sanyi a layin nan.

Mai firji bai tsaya nan ba, don ya ga kasuwarsa ta buɗe. Ya ce shi bai taɓa cewa siririn ba shi da aibu ba. Ba ya sauri in kaya sun yi yawa, ƙwayar datti ko ɗigon ruwa yana toshe shi, kuma gas ɗinsa a aune yake, in ka ƙara ka ɓata. Bawul ya fi shi wayo, amma sai an zaɓo daidai girman firizar, kuma sai an ɗaura masa ɗan kan nan a inda zai ji gaskiya. Wannan an ɗaure shi a bututun zafi, ya saki ruwan gas ya wuce firiza a guje ya faɗa cikin inji, shi ya sa ƙanƙara ta fito a baya. Inji kuwa iska yake iya matsawa, in ka ba shi ruwa haƙoransa ne za su zube. Da ya ji labarin wanke bututu a famfo sai ya nemi kujera ya zauna.

Inna ta ce wa surukinta ya sauko. Ya sauko. Ta ɗaga murfin da kanta, na gaba-gaba suka ja da baya. Kifin yana kwance cikin ruwan ƙanƙarar da ta narke, na sama ya fara canza ido, na ƙasa da sauran sanyi a jikinsa. Ta tsaya tana kallon jarinta, kuma a karon farko tun jiya Injiniya ya ji kunya ta gaske.

Inna ba ta tsaya kuka ba. Ta naɗe hannun riga ta fara ware mai sauran kyau da wanda ya lalace, na biyun ta zuba wa kyanwoyi da kwandon shara. Ta sa mai walda ya yanka tsohuwar ganga biyu ya ɗora raga, aka samo itace, aka buɗe ɗan shagon nan da ke kulle aka jera gangunan a ƙofarsa. 'Yarta ta zauna tana fafe kifi tana sa gishiri da sauri kamar dama sana'arta ce. Har tela ya ajiye almakashi ya kama ɗauko ruwa. Injiniya ya matso ya fara bayanin yadda za a faɗaɗa wa hayaƙin hanya, Inna ta yage murfin katan ta miƙa masa ta nuna masa bakin wuta. Nan ya wuni a tsugune yana fifita, hayaƙi yana shiga idonsa, masu wucewa suna yi masa sannu da aiki, Injiniya.

Ƙamshin kyafaffen kifi ya cika layin, mutane suka fara tsayawa suna tambaya ko na sayarwa ne. Kafin la'asar abin da aka kyafe na farko ya ƙare. Ba a mayar da asarar ba, ga kuma injin da sai an sayi sabo, amma an tsira da abin da ya fi rabi. Da aka kashe wuta Inna ta wanke hannu, ta ciro makullin ɗan shagon daga jaka. Injiniya ya miƙe yana goge tafinsa a wando. Ta wuce shi ta sa makullin a hannun 'yarta, ta ce tunda hannunta ya iya, ta zauna nan ta riƙa kyafe kifi. Tela ya koma shagonsa ba sallama.

Abin ya soki Injiniya har cikin rai, ya kwana biyu ba ya bi ta layin. Amma ba a daɗe ba aka ji shi wurin mai walda yana cewa ai in an lura, gidansa shagon ya shigo, kuma ba don aikin da ya yi ba da har yau iyalinsa ba su gano wannan sana'ar ba. Ya fara zuwa yana zama a ƙofar shagon matarsa da jakarsa, yana amsa gaisuwa kamar mai wuri.

Yana nan zaune wata safiya sai ya ga wani mai gyaran famfo daga layin baya ya nufo su da kayan aiki, ya yi sallama, ya tambayi matar ina famfon da ke ɗiga. Ta nuna masa na cikin shagon, wanda take wanke kifi a ƙarƙashinsa. Injiniya ya miƙe tsaye.

"Ke, famfo fa. Famfo ne sana'ata."

"Na sani, Baban yara," in ji ta, ba ta ɗago daga kifin da take fafewa ba. "Ɗiga kawai yake yi, kuma ina so ya tsaya a nan. Matsa masa ya wuce."

Ya matsa.